Tukunyar da Malam Gwadabe Ya Ara

"Ba zan bayar ba, Malam," na ce. "Ko wuni za ka yi a tsaye a zauren nan, ba zan bayar ba."

Malam Gwadabe bai yi musu da ni ba. Ya jingina da bango yana mayar da numfashi, hannunsa ɗaya a kan sandar da bai saba riƙewa ba. Ƙafafunsa sun kumbura har igiyar silifas ta nutse a cikin naman. A ƙofar gida adaidaita sahun da ya ɗauko shata yana jiransa, an cika shi da shebura da diga da kwanukan ɗiban ƙasa, baron wani ɗan unguwarmu, Malam Markus, kuma an ɗaure shi a sama, taya tana kallon gajimare.

"Babbar tukunyar nan kawai, Ummussalma," ya ce. "Ta shinkafar biki. Aro ne, ba kyauta ba."

"Biki za ka yi?"

"Wa ya sani?"

"To yaushe za a dawo mini da ita?"

Sai ya yi murmushin nan nasa da ke ba ni haushi tun ina amarya a unguwar.

"Ran Asabar. Ki zo bakin jinga ki karɓa."

Dama na san nan za a zo. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bakin kogin Haɗeja ya san aron Malam Gwadabe. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa, amma abin da aka fi saninsa da shi ƙungiyarmu ce ta sa kai, Hannu Da Yawa, wadda ya kafa tun yana da baƙin gemu. Babban aikinmu shi ne jinga, wato dogon tudun ƙasar da ya tsaya tsakanin gidajenmu da kogi. Da damina ta faɗi, kowace Asabar maza kan fita su cika buhuna da ƙasa su toshe inda ruwa ya ci, su sare ciyawar kachala a bakin magudana, mu mata kuma mu ɗinka buhu, mu dafa abinci. Ba a biyan kowa ko sisi.

To, mutum ɗan tara ne. Wani ya zo yau, gobe ya ce ciwon baya. Malam Gwadabe bai taɓa yi wa wanda ya ƙi fitowa faɗa ba. Sai dai kashegari ka ji sallamarsa a ƙofarka. Ya tambayi lafiyar yara, ya sha ruwa, ya ji abin da ya hana ka, in na taimako ne ya taimaka. In zai tafi sai ya ce ka ara masa sheburinka, ko igiyarka, ko tabarmarka. Ka ce yaushe zai mayar, ya ce Asabar, bakin jinga. Kai kuma in ka je karɓa ka tarar da tsaranka tsamo-tsamo cikin laka, da wane ido za ka saɓa shebur ka juyo gida? Kowa ya san dabara ce, shi ma ya san mun sani, amma shekara da shekaru ba ta taɓa kuskure ba.

Ni kuwa wannan karon na yi rantsuwa a zuciyata ba zan koma ba, kuma ina da dalili.

Da ƙarfi ya fara yi masa ƙaranci, Malam da kansa ya sauka daga shugabanci, ya tsaya kai da fata sai da aka zaɓi Musaddiq, mai injin casar shinkafa a bakin kasuwa. Yaron ba rago ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Sai dai zuciya a kusa, kuma yana ganin kowa ma dole ya zama irinsa. A farkon daminar nan, wata Asabar da aka wuni ana ruwa, mutane ba su fito sosai ba. Da yamma sai ga muryarsa a guruf ɗin ƙungiya na waya, yana kiran sunayen dattawa ɗaya bayan ɗaya, wai 'yan a-ci-a-kwanta. Mu ma bai bar mu ba. Wai mata sun mai da wurin aiki dandalin hira, abincin rana sai la'asar.

Ni da na wuni ina hura jiƙaƙƙen itace har idona ya yi ja kamar gauta! Magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye rabin mutane sun fita daga guruf ɗin, ni ce ta farko, kuma har yau ban ga laifina ba.

Yanzu ga shi watan Agusta ya raba. Masu zuwa daga yamma suna cewa ruwa ya hau gonakin shinkafa a wajen Miga, yana tafe. Jinga kuma ta wajen tsohuwar tsamiya ta fara tsattsafo. Wannan tsamiyar, in na tsaya a tsakar gidana ina hango kanta. In jinga ta ɓalle, gidana ne zai fara karɓar baƙo. Na san haka sarai, amma fushi ba ya lissafi.

"Malam, ka san abin da yaron nan ya ce mana."

"Na ji da kunnena."

"Shi ne ka zo da kanka, a wannan halin? Matarka, Yaya Larai, ta san ka fito?"

"Ta sani. Ta yi faɗan ta gaji." Ya gyara tsayuwa da ƙyar. "Gidanki ne na ƙarshe. In kin hana, sai in je in kwanta."

Na dube shi. Na tuna shekarar babbar ambaliya, bayan rasuwar maigidana da 'yan watanni, lokacin da ɗakina ya zauna ƙasa ina tsaye ina kallo da marayu a bayana. Wannan mutumin ne ya zo da 'yan ƙungiya suka tayar da shi kafin sanyi ya shigo. Da na je godiya cewa ya yi in ara masa turmi.

Na shiga na jawo tukunyar ina ƙunƙuni. Tsohuwa ce, kunnuwanta biyu da ake kamawa a sauke ɗaya ya ɓalle, ɗaya ya tsage, sai da tsumma ake rungumarta.

"Ga ta nan. Amma ka sani, aike zan yi a karɓo mini."

"Allah Ya kai mu," ya ce.

Ranar Laraba na dama kunun gyaɗa na kai masa. Zaurensa ya zama kamar kasuwar 'yan gwangwan, ba wurin sa ƙafa. Yana zaune a kan buzu a tsakiyar kayan mutane, an tokare masa baya da matashi, gefensa guduma da filaya da ƙusoshi da nannaɗen wayar ƙarfe. Musaddiq na tsugune a gabansa. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya," na ce, na ajiye kwano. Ban tafi ba, don ni ba na ɓoye cewa ina son jin magana.

"Baba, na yi ta kira ba sa ɗauka," in ji Musaddiq. "Na tura saƙo har na gaji. Jiya da na je, ƙasan tsamiya hannuna na nutsewa. 'Yan tsirarun da suka rage ba za mu iya ba, wallahi ba za mu iya ba."

"Ka taka ka je gidajensu?"

"Gida nawa zan bi, Baba?"

"Riƙe mini nan." Malam ya miƙa masa wani shebur, ya ɗora sabuwar ƙusa a wuyan ƙotar. Bugu uku ya yi ya tsaya yana haki. "Na Adam mai kifi ne wannan. Ranar da ka kira sunansa yana asibiti, matarsa na naƙuda."

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba sai da na je aro."

Musaddiq ya ce, "Baba, ka karɓi shugabancinka. Ni na ɓata."

"Kai, tafi can. Ni aro nake yi, ba na karɓe abin da na bayar." Ya miƙa masa gudumar. "Ƙarasa bugun nan, hannuna ya mutu. A hankali, ba shinkafa kake casa ba."

Yaya Larai, matarsa, ta leƙo daga cikin gida ta yafito ni. A tsakar gida ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa.

"Likita ya ce ƙodar ta gama, Ummussalma. Sun ce a dawo da shi gida a yi ta addu'a. Na ce ya kwanta, ya ce wai ba ya mayar da kayan mutane yadda ya karɓo su. Tun asuba yake ƙwanƙwasa."

Na zauna kusa da ita. Na taya ta tsince shinkafa, muna jin ƙarar guduma tana tashi tana faɗuwa a zaure, wani bugun mai ƙarfi, wani ko ƙuda ba zai kora ba.

Ranar Juma'a, gari ya fara haske ina shara, na ji salatin Yaya Larai ta kan katanga. Na jefar da tsintsiya.

Yana kwance a ɗakinsa, fuskarsa a sake kamar mai barcin gajiya. Ta ce ya yi sallar asuba a zaune, ya nemi a miƙo masa filaya, kafin ta dawo daga zaure ya fara kalmar shahada. Filayar na hannunta har lokacin, ta manta tana riƙe da ita. Na karɓa na ajiye, na rungume ta muka yi kuka. Na yi kukan maƙwabcin da shekara da shekaru ban taɓa kwana da yunwa ya sani ba.

Da hantsi aka fito da shi ƙofar gida. Mu mata muna tsakar gida, amma katangar gajera ce, ana jin komai. Taron ya cika layi har ya karya kwana. Masunta sun baro koma, manoma sun baro fadama, har daga Kaugama an zo, mutanen da ya taɓa tayar musu da inji a tsakiyar rani. Kafin a tayar da salla liman ya ɗaga murya kamar yadda aka saba.

"Jama'a, ga ɗan'uwanku Gwadabe. Duk mai wani haƙƙi a kansa, ko wanda ya bar wani kaya a hannunsa, ya yi magana, kada a kai shi da nauyin kowa."

Ai duk layin nan babu gidan da ba shi da kaya a zauren da ke bayan liman. Sai wani dattijo ya ce, "Mun yafe." Wasu suka amsa, "Mun yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Muryoyin suka yi ta yaɗuwa.

Yaya Larai ta damƙi hannuna har sai da na ji zafi.

"Tashi ki gaya wa Musaddiq. Malam ya bar sallahu, ya ce kada a bari su yafe. Ya ce shi bai taɓa cin aro ba, ba kuma zai fara yau ba. Kayan kowa na nan, gobe a je inda ya saba mayarwa."

"Ni zan gaya wa Musaddiq?"

"Ke ya ce."

Kun ji mutumin! Yana kwance a cikin likkafani ma bai daina shirya mutane ba. Na ja mayafi na tsaya a bayan ƙyauren zaure, tsakanin shebura, na sa aka kira mini yaron. Ya zo idanunsa jawur. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Na ji shi ya nemi izinin liman. Sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a, Baba ya bar sallahu. Ya ce kada a yafe masa kaya. Ya ce gobe Asabar kowa ya zo bakin jinga ya karɓi abinsa da hannunsa." Ya tsaya. "In akwai yafiyar da ta rage muku, ni ne mai buƙatarta. Na yi wa iyayena rashin kunya a waya. Ku dubi Allah."

Ba wanda ya amsa. Ina jin kukan wata akuya a ƙarshen layi. Zuciyata ta ce shi ke nan, za a binne shi a watse, ruwa kuma ya zo ya yi abin da ya ga dama.

Sai ga murya daga tsallaken hanya, ƙarƙashin darbejiya, inda Malam Markus yake tsaye da hularsa a hannu. Malamin firamare ne, mutumin kudancin Kaduna, ya fi shekara ashirin a cikinmu kuma bai taɓa fashin Asabar ba sai bana.

"Ni dama ban ce na yafe ba," in ji shi. "Barona sabo ne fil. Gobe zan je in karɓi abina."

Baron da ya girmi 'ya'yansa, wanda in ana tura shi ake jin kukansa daga masallaci! Na ji dariya ta kuɓuce wa wani, ya mayar da ita tari. Sai Adam mai kifi ya ce shi ma sheburinsa gado ne, ba ya yafuwa. Liman ya yi gyaran murya ya ce a daidaita sahu.

Ran Asabar na ce wa 'yata zan je in karɓo tukunyata in dawo yanzun nan. Ta dubi zanin aikin da na ɗaura da muciyar da ke hannuna, ta ce, "To, Umma."

Tun daga nesa na hango kogin ya cika ya batse, ruwan ja, yana tafe da tarkacen kara da ciyawa. Gonakin shinkafar da ke hayi sun nutse, sai kan ganye. A kan jinga kuwa mutane ne kamar ranar kasuwa. An jera kayan a ƙarƙashin tsamiya, Musaddiq na tsaye yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi na wane ne ba. Kwanakin da ya yi a zauren Malam yana riƙe ƙota ba su tafi a banza ba.

"Baba Adam, ga naka. Ya mai jego da jariri?"

Adam ya karɓa ya jijjiga ƙotar, ya ji ta daram. Ya juya ya ga sabuwar ƙusa. Kowa ya karɓi nasa sai ya tsaya yana jujjuyawa. An wasa bakin diga, an liƙe kwanon da ke yoyo, an ɗaure bakin igiyar da ke warwarewa. Malam Markus ya tura baronsa gaba, ya dawo da shi baya. Shiru, ko ƙis. An sa masa mai, an canza ƙusar taya. Ya tsaya riƙe da hannuwan baron, hawaye na bin kumatunsa, bai ko share ba. Daga nan ya tura shi kai tsaye zuwa inda ake haƙar ƙasa.

Ban ga wanda ya juya gida ba.

Na duba cikin kayan ban ga tukunyata ba. Har na buɗe baki zan fara, sai na hango ta can gefe a kan tudu, an riga an ɗora ta a kan duwatsun murhu. Kusa da ita tulin itace ne an lulluɓe da leda an danne da dutse, ga buhun shinkafa, ga jarkokin ruwa. Musaddiq ya zo ya durƙusa har ƙasa, laka har gwiwarsa.

"Gwaggo, itacen busasshe ne. Da kaina na zaɓo."

Na ɗaga ledar na karya ɗaya. Ya karye ƙas.

"Tashi ka ba ni wuri," na ce. "Kuma ka gaya musu abinci sai ya nuna. In sun ga dama su kira shi la'asar."

"To, Gwaggo."

Matan da suka zo karɓar tabarmi da turame suka kewaye ni, kowa ta kama abin yi ba tare da an ce mata ba. Har magariba ana cika buhu ana jerawa, kashegari ma aka koma ba wanda ya kira wani. Ruwan ya iso da ƙarfinsa a tsakiyar mako, ya hau har ya kusa leƙa kan buhunan, ya yi kwanaki yana tunani, sannan ya fara ja da baya. Fadama ta tafi, manoma sun yi asara, amma ko cokali bai shigo unguwa ba. Ina kwana a ɗakina, ɗakin da Malam ya gina mini, kuma duk sallar da na yi sai na sa shi a addu'a. Allah Ya jiƙan Malam Gwadabe, Ya saka masa da gidan da ya fi wanda ya tsare mana.

Amma na tsallake abu ɗaya. A ranar Asabar ɗin, da shinkafa ta nuna, na nemi tsumma zan rungumo tukunyar kamar kullum, sai Bintu matar Adam ta ce, "Yaya, ai tana da kunne." Na sunkuya na duba. Ta gefen da kunnen ya ɓalle Malam ya huda ƙarfen, ya zura wayar ƙarfe mai kauri ya murɗa ta tsaf, ya lanƙwasa bakin ciki don kada ta yanki hannu. Ta ɗaya gefen ma ya huda, ya zura wayar, ya murɗa sau biyu. Ragowar wayar tana nan a miƙe, da shaidar haƙoran filaya a jikinta.

Musaddiq ya gani ya ce zai kawo filaya ya ƙarasa mini. Na ce ya bar ta.

Bintu ta kama kunnen da aka gama, ni na naɗe hannuna da gefen zani na kama ɗayan, muka sauke ta a hankali a kan jinga. Tururi ya tashi ya bi ta kan ruwa.